Mu Muke Kwana a Bakin Akwati, Amma Ba Mu da Ta Cewa a Mazaɓarmu

Shekara goma sha tara ke nan ina yi wa jam'iyya hidima a matakin mazaɓa, kuma tun daga 2007 babu wani babban zaɓe da aka yi wanda ban tsaya a matsayin ejan a rumfarmu ba. Na liƙa fosta da tsakar dare, na bi gida-gida ina roƙon iyayenmu mata su je su karɓi katin zaɓe, na sha ƙin barin bakin akwati har sai an ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe an miƙa mini kwafin sakamako. Saboda haka idan na ce an wulaƙanta mu, ina magana ne da bakin wanda ya zuba guminsa a cikin tafiyar, kuma har yanzu katinsa na jam'iyya yana aljihunsa.

An sanar da mu cewa ranar Asabar za a zaɓi shugabannin jam'iyya na mazaɓa a filin makarantar firamare, kuma ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Tun ƙarfe takwas na safe filin ya cika. Masu shago sun rufe shagunansu, masu ɗinki sun ajiye keke, dattawan da ba sa iya doguwar tsayuwa sun zo da tabarminsu, mata sun zo da goyo a baya suna fakewa a inuwar darbejiya. Muka yi azahar a wurin, muka yi la'asar, babu jami'in da ya leƙo, babu takarda, babu ko wanda aka aiko ya ba mu haƙuri. Sai bayan magariba wata takarda ta fara yawo a WhatsApp ɗauke da sunayen waɗanda aka ce mun zaɓa, da bayanin cewa an yi maslaha cikin lumana. A cikin sunayen akwai mutumin da ya tashi daga unguwarmu shekara shida da suka wuce, akwai kuma direban wani babba wanda ko hanyar ofishin jam'iyyar bai sani ba. Maslaha da wa? Wa aka tambaya? A ɗakin wane otal aka zauna aka yanke cewa mutum ɗari huɗu da suka wuni a rana ba su kai a ƙirga su ba?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 223 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta riƙa zaɓen shugabanninta ta hanyar dimokuraɗiyya, kuma tazarar zaɓen kada ta wuce shekara huɗu. Dokar Zaɓe ta 2022 ma, da ta zo batun fitar da ɗan takara ta hanyar maslaha a sashe na 84, ta gindaya sharaɗin cewa sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye don ra'ayin kansu. Amma a mazaɓa kalmar maslaha ta zama mayafin ɗauki-ɗora. Wanda ya ɗaga murya a ce yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa, a liƙa masa antifati, a dakatar da shi ba tare da an saurare shi ba.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan shugabancin mazaɓa, kujerar da ba ta da albashi. Duk wanda ya san siyasa ya san daga nan ake ɗaure akuyar. Wanda ya riƙe mazaɓa shi yake da ta cewa a kan daliget, daliget su ne suke fitar da ɗan takara, ɗan takarar jam'iyyar gwamna kuwa a zaɓen ƙananan hukumomi tamkar an riga an rantsar da shi ne. A Kano, jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya a 2018, ta sake kwashe su a 2021, sannan da mulki ya koma hannun NNPP ita ma ta cinye 44 da 484 ɗin nan ba tare da ta bar ko ɗaya ba a watan Oktoban 2024. Ba a Kano kaɗai ake wannan ba, kusan haka abin yake a duk jihar da hukumar zaɓenta take ƙarƙashin gwamna, ko wace jam'iyya ce a kan mulki. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga hannunsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Mun yi murna ƙwarai da wannan hukunci. Sai dai ciyaman ɗin da aka rubuto sunansa daga gidan gwamnati ya san wanda ya ɗora shi, kuma ko an zuba masa kuɗin a aljihu ya san ƙofar da zai kai su. Ga shi kuma an toshe wa talaka hanyar takara da kuɗin fom, domin a 2022 fom ɗin neman shugabancin ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40, kuma tsadar ta gangaro har ƙasa. An rage shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25 a 2018, amma ina matashin unguwarmu zai samo miliyoyin da zai sayi fom, balle na sallamar daliget?

Da a ce wulaƙancin ya tsaya a kan kujera, da na haɗiye kamar yadda na saba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Wani yaro a layinmu, ɗan maƙwabcina, wanda da hannuna na yi masa rajistar jam'iyya, ya ɗauki hoton famfon burtsatsen unguwa da ya shekara biyu a lalace ya sa a Facebook, ya tambayi inda kuɗin gyaransa suka shiga. Bai zagi kowa ba, na karanta rubutun da idona. Kwana biyu bayan haka aka zo aka tafi da shi da asuba a gaban mahaifiyarsa, ya yi kwana shida a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya inda akwai kotu kusa, ko kwana biyu inda take da nisa. Na zagaya wurin abokan tafiyata ina neman mutum biyu kacal da za su raka ni neman belinsa. Wani ya ce yaron shi ya ja wa kansa, wani ya ce 'yan adawa ne suke ingiza shi, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja ni gefe ya ce, “Malam, ka rufa wa kanka asiri, kada a ce kai ma kana ciki.” Waɗannan mutane su ne muka yi zaman dirshan tare a ƙofar caji ofis shekarun baya, lokacin da muke adawa aka kama mana yara biyu a kan fosta. A ranar kowa ya haddace sashe na 39 da na 40, kowa yana maganar 'yancin faɗin albarkacin baki da 'yancin taro. Yau da mulki ya zo hannunmu, babi na huɗu na tsarin mulkin ya zama takardar tsire.

Wannan cuta daga sama ta gangaro mana, kuma babu jam'iyyar da ta tsira daga gare ta. A watan Satumban 2003 'yan sanda sun tarwatsa gangamin ANPP a Kano da barkonon tsohuwa bisa hujjar rashin izini. Jam'iyyar da wasu takwarorinta suka garzaya kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa ɗan ƙasa ba ya buƙatar izinin 'yan sanda kafin ya yi taron lumana. ANPP ɗin nan tana cikin jam'iyyun da suka narke suka zama APC a 2013. A watan Janairun 2012 da aka cire tallafin mai, 'yan adawa na lokacin sun yaba wa masu zanga-zanga a matsayin masu kishin ƙasa, masu mulki kuma suna kiransu 'yan amshin shata. Da aka zo zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 sai aka yi musanye, kowa ya ɗauki bakin abokin hamayyarsa na da. Duk mun ga yaran da aka kwaso, da yawansu daga Kano da Kaduna, aka tsare su kusan wata uku, aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suna faɗuwa a gaban alƙali saboda galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. A majalisar unguwarmu da daren ranar, wallahi ban ji wanda ya fara da tambayar ko yaran sun ci abinci ba. Muhawarar da aka yi ita ce wace jam'iyya abin zai yi wa illa a zaɓe mai zuwa.

Ina jin ciwon wannan ne musamman saboda mu 'yan Arewa mun san farashin da aka biya kafin talaka ya samu baki. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, mabiyan Malam Aminu Kano sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e don kawai sun halarci lacca ko sun ƙi cire takalmi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau 16, kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan takwarorinsu na Kudu sun daɗe suna yi. Jikokin waɗannan mata su ne aka bari da goyo a rana daga safe har la'asar, su ne kuma za a nema da turmin atamfa da ƙullin taliya idan zaɓe ya matso. Kowane ɗan takara yana rantsuwa da sunan Malam a kan mumbari, alhali a mazaɓarsa ba a ƙirga hannun mutane.

Ba zan sauya sheƙa ba, domin na ga yadda ake yi a can gidan, kuma ba zan yaga katina in ba su abin da suke so ba. Na rubuta ƙorafi zuwa ga kwamitin ɗaukaka ƙara na jam'iyya, mutum sittin da uku sun sa hannu, muna neman a soke waccan takarda a dawo filin makaranta a ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, sannan a buɗe rajistar 'yan jam'iyya a liƙa ta a bango kowa ya ga sunansa. Mako uku ke nan ba a amsa mana ba, sai saƙon da aka aiko cewa in yi hattara. Yaron kuwa an sake shi ne bayan mahaifinsa ya sayar da tunkiyarsa ya biya kuɗin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne, aka kuma sa shi ya goge rubutunsa ya nemi afuwa. Famfon har yau bai kawo ruwa ba, kuma da safiyar nan na ga ƙannensa suna jiran mai garuwa da jarka biyu.