"Nawa ne?" "DM": Dariyar da aka yi mana a shagon wata 'yar Caina

Makon jiya a Sanyuanli, ɓangaren masu sarin jakunkuna a nan Guangzhou, wani ɗan Kano ya nuna wa wata mai shago shafin Instagram na wata 'yar kasuwa ta gida. Nan take matar ta gane hoton, domin a shagonta aka ɗauke shi, har gefen kantarta ya fito. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne tambayoyin da ke jere a ƙasa, da manhajar fassara ta karanta mata: "Nawa?" "Hajiya nawa ne?" "Farashi don Allah." Amsar kuma ɗaya ce a ƙarƙashin kowa: "DM", wato a biyo ta saƙon sirri. Sai ta ɗago ta tambaya, da gaske take ba zolaya ba, wai doka ce ta hana faɗin kuɗin kaya a ƙasarku? Yaran shagon suka kwashe da dariya. Na yi yaƙe, amma har yau abin na tsaye min a wuya.

Sai mutum ya ga yadda suke yi a nan zai gane dalilin dariyar. Da farko dai babu Facebook, babu WhatsApp, babu Instagram, duk a toshe suke sai da VPN. WeChat suke da shi a madadin WhatsApp, da Douyin, wato TikTok ɗinsu na cikin gida, da Taobao, babbar kasuwarsu ta intanet. Ka shiga kasuwar tufafi irin Shisanhang, za ka tarar da shagon da bai kai shagon tela faɗi ba, amma mutum uku ne a kan tallar kai-tsaye. Ɗaya tana gaban waya da fitila mai zagaye, ita ce bakin shago. Ɗaya na gefe yana miƙo kaya yana kwashe wanda aka gama. Na ukun yana kan kwamfuta, shi ke sa farashi, yana lura da adadin da ya rage, yana karanto tambayoyin masu kallo. Mai tallar takan faɗi tsayinta da nauyinta tun farko, don mai kallo ta kwatanta da jikinta. Ta sa rigar, ta juya, ta ja ɗinkin da ƙarfi a gaban kyamara, ta juyo cikin rigar, ta ɗora tef ɗin awo a ƙirji da hannu. Kowace riga da lambarta. In an gama bayani sai ta ƙirga da Sinanci, "uku, biyu, ɗaya", na kwamfuta ya saki kayan cikin ɗan kwandon nan ruwan ɗorawa da ke ƙasan allo, mai so ya latsa ya biya. Minti biyu ko uku an wuce ta gaba. Ba gaisuwa, ba tayi, ba "albarka".

Mutanenmu da suka zo suka gani sukan koma gida da fitila mai zagaye da sandar ɗora waya, suna zaton sirrin ke nan. Ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke riƙe da wannan kasuwa ba ya fitowa a hoto. Kuɗin da mai saye ya biya a Taobao ba ya shiga hannun mai kaya. Alipay, manhajarsu ta biyan kuɗi, ita ke riƙewa, sai kaya sun isa mai saye ya tabbatar, ko wa'adin da aka ɗiba ya cika, sannan a saki kuɗin. Sa'annan tun ranar 15 ga Maris 2014 dokarsu ta kare masu saye ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet damar mayar da su cikin kwana 7 ba tare da ya faɗi dalili ba, in ban da irin kayan da ke lalacewa da wuri ko wanda aka yi wa mutum na musamman. Ga kuma aike: kowane ƙunshi da lambarsa, kana ganin garin da ya kai a wayarka, ya iso a ajiye maka a akwatin ƙofar gida ko wani ɗan shago na unguwa, a turo maka lambar ɗauka. Wanda ya san kuɗinsa ba za su nutse ba, me zai hana shi latsawa?

Ba wai su waliyyai ba ne. Akwai masu sayen odar bogi da yabon bogi don shafinsu ya hau sama, duk da dokar kasuwancin intanet da ta fara aiki a Janairun 2019 ta haramta. Masu tufafin mata kuma kullum cikin kukan yawan kayan da ake dawo musu da su suke. Amma duk da haka, a kan maganar farashi matar nan ta fi mu gaskiya.

Mun san dalilin ɓoyewar, ba sai an faɗa ba. Da yawan masu sa kaya a status ba su da ko ƙyalle a ɗaki, 'yan kayi-nayi ne na waya: hoto daga wani dila a kasuwar Kwari ta Kano, sai an turo kuɗi a je a ɗauko. In ta rubuta farashi, ta kusa da ita za ta rage ɗari biyar ta kwashe mata mutane. Wani kuma so yake ya duba hoton mai tambaya tukuna, ya ga Hajiya ce ko ɗaliba. Ga Naira da ba ta kwana inda ta wuni. Duk na yarda. Sai dai lissafin bai fita. Cikin masu tambaya "nawa", wasu kunyar shiga DM suke kada kuɗin ya fi ƙarfinsu su fita da borin kunya, wasu kuma kafin ka amsa bayan awa uku sun saya a wani wuri. Kai kuma ka ƙare wuni kana amsa tambaya ɗaya sau hamsin. Rubuta farashi, ka sa kwanan wata a gefensa, ka ce na wannan makon ne. Maganar canjin Naira ta mutu ke nan.

Hoto kuma ya zama naka. Shadda a ƙarƙashin ƙwan shago launi ɗaya, a rana wani launi, shi ya sa rigimar "ba wannan na zaɓa ba" ba ta ƙarewa. A fita da ita inuwa da hantsi, a goge gilashin kyamara, kada a sa mata kowace kwalliyar manhaja. A yi ɗan bidiyo na daƙiƙa 20 zuwa 30: hannu na murza yadin, a juyo bayansa, a nuna tambarin gefe. A faɗi ko yadi biyar ne, ko turmi cikakke mai yadi shida, ko rabi. In takalmi ne a ɗora tef a tafinsa a faɗi santimita, domin lamba 42 ta Caina ba lallai ta zo daidai da wadda ƙafarka ta saba ba. Kuma a yi magana da baki, da Hausa. Kwastomomi da yawa sun fi sakewa da saƙon murya a kan dogon rubutu.

Status ba rumbu ba ne. Wanda ya jera hoto arba'in, ɗigon saman allo ya zama kamar zaren carbi, cinye wa mutane data kawai yake, daga nan sai su kulle shi ba tare da ya sani ba. Biyar zuwa bakwai sun isa, sauran a zuba su a katalog na WhatsApp Business, kowanne da farashinsa. A tuna status awa 24 yake yi, kuma saƙon bai-ɗaya mutum 256 yake ɗauka, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Don haka duk wanda ya saya, roƙonsa na farko shi ne ya ajiye lambar. Kai ma ka rubuta tasa a littafi na takarda, da abin da ya saya. Waɗanda suka gina kasuwarsu a kan Twitter sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Sannan a sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp, kuma duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo, ɓarawo ne, ko da muryar malami ya zo.

Kuɗin talla ma a yi awo. Ko Facebook za ka biya ko wata mai mabiya da yawa, fara da kaɗan, ka zaɓi garin da za ka iya kai kaya, ka tambayi duk wanda ya zo inda ya gan ka, ka rubuta. Bayan mako biyu littafin zai gaya maka wace tallar ce ta kawo masu saye, wacce ta kawo 'yan "Masha Allah".

Saura babbar matsalar, wato wa zai riƙe kuɗi. A nan ne raina ke ɓaci in na ji ana cewa mu ba mu waye ba. Abin da Alipay ke yi, dillali da fatoma sun yi shi shekaru aru-aru kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro shi. Baƙo ya sauka da kaya, maigida ya tsaya masa, ya san mai saye, ya ɗauki nauyin bashi, a ba shi la'adarsa. Daga Kano har Gwanja, a Ghana ta yau, aka yi fataucin goro a haka. Waya ce ta zo ta cire mutumin tsakiya ba ta ba mu madadinsa ba, aka bar mai saye na tsoron a toshe shi bayan ya tura kuɗi, mai kaya na tsoron alat na bogi. Kafin a samu mai riƙewa, abin da ke hannunmu shi ne mu rage duhun: sunan asusun banki ya dace da sunan shafi, in da hali a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A ɗauki bidiyon ɗaure kaya, a tura lambar direba da ta mota da sunan tasha, a faɗi wa zai biya kuɗin mota tun kafin ciniki ya faɗa. A rubuta ƙarara kwana nawa mutum ke da shi ya dawo da abin da bai yi masa ba.

Ban ba matar nan amsa ba a ranar, kuma manhajar fassara ba za ta iya ɗaukar amsar ba. Ta yaya zan bayyana mata cewa a wurinmu faɗin kuɗi farkon zance ne? A nan sai ka yi shekara kana sayen kaya wurin mutum ta WeChat bai taɓa tambayarka iyali ba. Ka nuna lambar QR, waya ta yi ƙara, a miƙo maka leda. A Kwari kuwa sai an shimfiɗa maka darduma, an aika yaro ya kawo ruwa mai sanyi, ka taya a ce albarka, ka miƙe kamar za ka tafi, ka kai bakin layi a ƙwala maka kira: "Alhaji dawo, kawo kuɗin, don kai ne."