Sojojin da suka rasu a Burma: sunayensu na nan a rubuce

Abin yana damuna in na ji ana cewa kakanninmu da suka rasu a yaƙin Burma sun tafi ke nan, Bature ko sunansu bai rubuta ba. Masu faɗa suna da hujja, tunda gawa ba ta dawo gida ba. Amma ba haka maganar take ba.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth tana da rajistar mamatan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙin Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, ana kuma dubawa kyauta a intanet. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon a Burma (Myanmar a yau), an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Najeriya.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunan. A wancan lokacin, sau da yawa akawun soja kan haɗa sunan mutum da na garinsu, ba na mahaifinsa ba. Wanda gida suka sani da Audu ɗan Malam Sule, a rajista sai ya zama Audu Katsina, wataƙila ma da kuskuren rubutu. Don haka a lalubo lambarsa ta soja a tsofaffin takardu, a gwada sunan iri-iri.

Sojojinmu da suka rasu a yaƙin 1914 (Yaƙin Duniya na Ɗaya) kam, da yawa ba a rubuta su ba. Hukumar ma ta amsa hakan a 2021.