Gidan Fada a Rufe Yake, Amma Fitilar Bagade Tana Ci

Jama'a, ku yi mini haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo. Jiya da dare muka tashi daga taron majalisar ikilisiya, na dawo gida barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ce bari in amayar da abin da ke cikina.

Wata tara ke nan cocinmu ba shi da fada, wato limami. Wanda muke da shi ya cika shekara 70, kuma a Cocin Ingila idan limami ya kai nan sai ya sauka. Muka yi masa liyafar ban kwana, aka sha kuka, motar kaya ta zo ta kwashe littattafansa. Tun daga ranar gidan fada yake kulle. Ni ce nake zuwa duk Asabar in kwashe wasiƙun da suka taru a bayan ƙofa, in buɗe famfo ya ɗan zuba, in leƙa ɗakuna ko ruwa ya shigo. Ƙugiyar da yake rataye baƙar rigarsa tana nan a zaure, ba komai a kanta. Duk sanda idona ya faɗa kanta sai gabana ya faɗi.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni 'yar Wusasa ce. A cocin St. Bartholomew aka yi mini baftisma, wancan ginin ƙasa da kowane ɗan Zariya ya sani. Anglikancin da na tashi a cikinsa na 'yan mishan ɗin CMS (Church Missionary Society) ne: Littafi Mai Tsarki a hannu, wa'azi mai tsawo, waƙa, zumuntar mata. Da aikin jinya ya kawo ni wannan gari na arewacin Ingila, na nemi cocin Anglikan mafi kusa da gidana. Ina shiga hayaƙin turare ya tare ni. Kyandir shida a kan bagade, siffar Maryamu a gefe da furanni a ƙafarta, ana kaɗa 'yar ƙararrawa mutane suna durƙusawa. Na juya zan fita, a zatona na shiga cocin Katolika. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, zauna 'yata, nan ma gidanku ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan, Mama nake kiranta har yau.

Daga baya na koyi asalin abin. Ranar 14 ga Yuli 1833 wani limami mai suna John Keble ya yi wa'azi a Oxford, ya ƙalubalanci yadda gwamnati take juya coci kamar wata ma'aikatarta. Shi da John Henry Newman da Edward Pusey suka tsaya a kan cewa Cocin Ingila reshe ne na tsohuwar ikilisiyar manzanni, ba sabon abu ne da aka ƙirƙira a zamanin Sarki Henry na takwas ba. Newman ya koma Katolika a 1845, Pusey ya zauna har mutuwarsa. Waɗanda suka biyo bayansu suka dawo da Mas, wato sujadar Jibin Ubangiji, na kullum, da furta zunubi a gaban firist, da tufafin bagade, da turare. Ba a bar su sun sha da daɗi ba. A 1874 majalisar dokoki ta yi doka musamman don murƙushe su, kuma a 1877 aka jefa Fada Arthur Tooth a kurkuku saboda yadda yake gudanar da sujada. Wannan gadon ne ake kira Anglo-Katolika, shi ne gadon cocinmu.

To, a gida idan limami ya tashi, bishop ne yake turo wani. Wata Lahadi a karanta takarda, zumuntar mata su share gida su dafa abinci, shi ke nan. Nan ba haka ba ne. Kowace ikilisiya tana da majiɓinci, wanda yake da haƙƙin gabatar da sabon limami. Wani wurin bishop ne, wani wurin fadar sarauta, wani wurin kwalejin jami'a ko wata ƙungiya, wani wurin ma wani iyali ne da ya gaji haƙƙin tun kaka da kakanni. Dokar 1986 ta ce majalisar ikilisiya ta rubuta bayanin kanta da irin limamin da take so, ta kuma zaɓi wakilai biyu daga cikin jama'a. Waɗannan biyun suna da ikon cewa a'a ga wanda majiɓinci ya kawo. Ana iya buga tallar gurbin a jaridar Church Times, limamai su karanta, wanda zuciyarsa ta kwanta ya nema. Wato ba mu kaɗai muke zaɓe ba, mu ma zaɓenmu ake yi.

Ni ce ɗaya daga cikin wakilan biyu. Ban nema ba, aka ɗora mini, kuma ban ɗauke shi da wasa ba.

Akwai maganar da sai an bi ta kanta kafin komai. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firist a 1994, ya buɗe musu ƙofar zama bishop a 2014. A lokacin aka yi tanadi cewa ikilisiyar da lamirinta bai yarda ba tana iya zartar da ƙuduri ta nemi firist namiji da kulawar bishop namiji. Cocinmu ya daɗe da wannan ƙuduri, kuma da gurbi ya buɗe aka sake duba shi. An bar shi yadda yake. Ni da na fito daga Cocin Najeriya, inda ba a naɗa mata firist, abin bai zo mini baƙo ba. Amma na ga mata biyu da suka yi wa cocin nan bauta shekara da shekaru suna share hawaye, kuma ban yarda a ce hawayensu ba komai ba ne. Na zauna da su bayan taro. Ba su bar coci ba. Abin da kowa ya sani shi ne ƙudurin ya rage yawan waɗanda za su iya nema, don haka ba mu da damar yin sakaci da sauran abin da ya rage a hannunmu.

Abin da ya hana ni barci shi ne takardar bayanin nan. Jiya aka kawo daftarinta. Hotuna masu kyau: daren Ista da kyandir a hannun kowa, jerin gwanon ranar Jikin Almasihu da yara suna watsa furanni. Duk gaskiya ne, an yi su. Amma wanda ya kalli hotunan zai ɗauka kullum haka cocin yake cika. Ranar Lahadi ta yau da kullum da kyar muke kai arba'in. Mas na ranar Laraba mutum huɗu ne, wani lokaci uku. Rufin da ke saman ɗakin addu'a na Maryamu yana yoyo, akwai bokiti shuɗi da muke ajiyewa a ƙasa, idan ana ruwa kana jin ɗigarsa a tsakiyar addu'a. Kuɗin da ake sa ran kowace ikilisiya ta tura wa dayosis, shekara uku ba mu cika shi ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a takardar.

Sai shafin irin limamin da muke so. Kusan shafi biyu a kan sujada: ya iya rera Mas, ya fuskanci gabas a bagade, ya san lokacin turare, ya kai mu ziyarar Walsingham, wurin ibada na Maryamu a Ingila, duk shekara. A kan ziyarar marasa lafiya da mutanen unguwa, layi ɗaya tak, can ƙasa.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Ina son turaren nan. Na saba da shi har idan na je gida hutu nakan ji kewarsa. Ranar Juma'ar da ake tuna mutuwar Ubangiji, idan aka tuɓe bagade aka bar ƙofar akwatin Jibi, inda ake ajiye gurasar da aka keɓe, a buɗe ba komai a ciki, abin da nake ji a ƙirjina babu wa'azin da ya taɓa sa ni jin irinsa. Ba na so a taɓa ko ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, waɗanda suka bar mana wannan gado ba don turare mutane suka so su ba.

Ku dubi Charles Lowder. A 1866 aka keɓe cocinsa na St. Peter a Wapping, unguwar 'yan dako da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a gabashin Landan, kuma a wannan shekarar kwalara ta ɓarke. Masu hali suka gudu, shi ya tsaya tare da 'yan sista, suna shiga gidajen da kowa yake tsoro, yana ɗaukar yara marasa lafiya a hannunsa zuwa asibiti. A can baya an yi ta tarzoma a kan irin sujadarsu a wannan yanki, amma bayan annobar talakawan unguwa suka riƙa kiransa Fada, wato uba. Robert Dolling a Portsmouth, daga 1885 zuwa 1895, teburin cin abincinsa a buɗe yake ga sojan ruwa da ɓarawo da wanda ba shi da wurin kwana. A babban taron Anglo-Katolika na 1923, Bishop Frank Weston na Zanzibar ya faɗa wa dubban mutane cewa ba za su yi iƙirarin bauta wa Yesu a akwatin Jibi ba idan ba su ji tausayin Yesu a unguwar talakawa ba. Wannan maganar a cocinmu kowa ya haddace ta. Jiya na tambaye su, ina take a cikin takardarmu?

Unguwarmu ba ta masu kuɗi ba ce. Tun da masaƙu suka rufe aiki ya yi ƙaranci. Rabin maƙwabtanmu Musulmi ne 'yan asalin Pakistan, sauran Turawa ne talakawa da mu baƙi. Duk Talata muna raba kayan abinci a zauren coci, kuma waɗanda suke zuwa ranar sun ninka na ranar Lahadi. Tsohon fadanmu ya san sunayensu. Mai shagon kusurwa, Musulmi ne, har yau idan ya gan ni sai ya tambaye ni yaushe za a kawo sabon fada, don tsohon fadan ne ya fara zuwa yi masa ta'aziyya da mahaifiyarsa ta rasu.

Akwai wani dare a watan Janairu da ba zan manta ba. Wani dattijonmu, wanda ya yi sama da shekara hamsin yana riƙe kaskon turare a bagade, jikinsa ya yi tsanani a asibiti. 'Yarsa ta kira ni wajen ƙarfe ɗaya na dare, ta ce Baba yana neman fada ya shafa masa mai ya ba shi Jibi. Na kira limamai uku masu ritaya da suke taimaka mana, biyu ba su ɗauka ba, kuma ban ga laifinsu ba, tsofaffi ne. Na ukun ya haura shekara tamanin. Ya ce in zo in ɗauke shi. Muka biya ta coci, na riƙe masa tocila, ya durƙusa da kyar a gaban jar fitilar da take ci kusa da akwatin Jibi, ya buɗe akwatin ya ɗauki Jibi ya sa a 'yar gwangwanin azurfa ya rataya a wuya. Hannunsa na rawa. Muka isa Baba yana da sauran numfashi. Ya buɗe ido, ya motsa leɓe ya ce amin. Kafin asuba ya cika. A hanyar dawowa tsohon limamin bai ce uffan ba, ni ma haka. Abin da nake ta tunani shi ne, da shi ma bai ɗauki waya ba fa?

Wannan shi ne aikin da muke nema wa mutum. Rera Mas ana koya. Tashi ƙarfe ɗaya na dare, wannan sai wanda zuciyarsa ta riga ta ba da kanta.

Wani dattijo a majalisa, mutumin da nake girmamawa ƙwarai, ya ce mini, 'yata, idan muka rubuta yoyon rufi da bashin dayosis babu wanda zai zo. Na fahimci tsoronsa. An riga an shaida mana cewa mai yiwuwa ba za a ba mu limami na cikakken lokaci ba. Ko a haɗa mu da wasu ikilisiyoyi biyu, ko a kawo wanda za a ba gida kawai ba albashi, ya yi mana Lahadi da kwana biyu a mako. Kuma na san ba mugunta ba ce. Cocin Ingila yana da gine-ginen coci kusan 16,000 da zai kula da su, a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales sun sauka zuwa kashi 46 cikin ɗari. Kuɗi ba ya isa, limamai ma ba sa isa.

Amma na ce masa, Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda hoton daren Ista ya jawo, ranar Larabarsa ta farko zai tarar da mutum huɗu da bokiti. Ko ya yi shekara biyu ya tafi, ko ya zauna da ɗacin rai yana jin an yaudare shi. Wanda kuma ya karanta yoyon da bashin da layin ranar Talata, ya ce duk da haka zan zo, shi muke nema. Ko mutum ɗaya ne ya nema, in dai irin wannan ne, ya ishe mu. Idan kuma dole sai mun raba shi da wasu, ni abin da zan tsaya a kai shi ne ya zauna a gidan nan na unguwarmu, a ga fitilar ɗakinsa da dare, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Cikin watanni taran nan ba a fasa Mas na Lahadi ko sau ɗaya ba. Masu riƙon coci biyu suna ta waya suna neman limamin da zai zo. Mama, da sandarta, ita take sauya kyandir ɗin jar fitilar duk mako, ba ta taɓa barinta ta mutu ba. Yaran da suke hidimar bagade, biyu daga Najeriya ɗaya daga Indiya, ɗan marigayi Baba ne yake koya musu riƙon kasko yanzu. Wannan ma ina so a rubuta shi, don shi ma gaskiya ne.

An ɗage taron zuwa Alhamis mai zuwa. Na ce a ba ni daftarin in zo da nawa gyaran, aka ba ni. Yau da safe na biya coci, ana yayyafi, na ɗauki hoton bokitin da ruwa ya kai rabinsa. Zan nemi a sa shi a shafi na uku, kusa da na daren Ista. Layin ziyarar marasa lafiya kuma zan ɗauko shi daga ƙasa in kai shi sama. 'Yan'uwa na Wusasa da Kaduna da Jos da kuke karanta wannan, ku sa mu a addu'a ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma agogon nan.