Ginin asibiti ba shi ne lafiya ba

Wanda ya zauna a Ingila zai lura cewa asibitin unguwa sau da yawa gida ne kawai aka gyara, ba wani abin burgewa. Amma bayanan mara lafiya suna ajiye, an san ranar rigakafin kowane yaro, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsu akwai inda za su tura mutum. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, gini ake fara yi, a yi bikin buɗewa, bayan shekara guda a tarar ba magani, ba ma'aikaci.

A ganina matsalar tana wajen kuɗin yau da kullum, wanda ba ya ɗaukar hoto. Yawancin alluran rigakafi suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Idan batirin firiji mai aiki da hasken rana ya mutu, sun lalace. Idan sanyin ya yi yawa har suka daskare, irin su Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar a haɗe, sun lalace ma, ba tare da an gani da ido ba. Ta ƙyanda kuwa, da zarar an haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa, shi ya sa wasu ma'aikata ke ƙin buɗe kwalba mai allurar yara da yawa saboda yaro ɗaya, uwa ta koma gida, ba lallai ta dawo ba. Allurar tsayar da jini bayan haihuwa, oksitosin, ita ma zafi yana rage mata ƙarfi.

Sai ma'aikacin lafiya na ƙauye. Aikinsa ba sihiri ba ne: ya ƙirga numfashin yaro a minti ɗaya, idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce, ya ba da maganin amoksisilin. Mai gudawa ya samu ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. A auna damtse, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Duk wannan ana son a yi shi a matsayin sa kai, abin da ba wanda zai nema daga ma'aikaciyar jinya a Landan.

Habasha ta bi wata hanya tun 2003: mata biyu a kowane ƙaramin asibitin ƙauye mai kula da kusan mutum 5,000, horon shekara guda, da albashin gwamnati. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata. Amma albashi daga baitulmali yake fitowa, kuma alkawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi. Tallafin waje kuwa yawanci ɗaure yake da cuta guda, har a ga maganin zazzaɓin cizon sauro a asibitin da ba safar hannu, ba kuma man motar kai mai naƙuda babban asibiti.