Shekara takwas ana shari'a, ƙwayar mantuwa tana shagunan magani

A watan Janairun 2017 Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayyar Amurka, FTC, da babban lauyan jihar New York suka maka kamfanin Quincy Bioscience a kotu kan wata ƙwaya mai suna Prevagen, wadda ake tallata wa tsofaffi cewa tana gyara mantuwa. Sai a Disambar 2024 alƙali ya hana kamfanin ci gaba da faɗin haka. Shekara takwas ke nan ba kaɗan, kuma duk tsawon lokacin ƙwayar tana kan kantocin shagunan magani, tallarta tana fitowa a talabijin.

Abin da ke cikinta wani furotin ne da aka fara ganowa a jikin wata halittar teku mai sheƙi cikin duhu. Hujjar kamfanin ita ce wani gwaji da ya yi da kansa a birnin Madison, inda aka raba mutum 218 gida biyu, wasu suka sha Prevagen kwana 90, wasu suka sha ƙwayar bogi. Da aka auna su a jarrabawa iri tara ta kwamfuta, ba a ga wani bambancin kirki tsakanin ɓangarorin biyu ba. FTC ta ce daga nan ne aka koma ana yayyanka sakamakon ƙanana-ƙanana, fiye da sau 30, har aka tsinto 'yan rukunan da suka nuna alamar ci gaba, aka ɗora talla a kansu. Duk wanda ya jefa ƙuri'a sau talatin, ai wata za ta faɗo masa daidai. Hukumar ta ƙara da cewa ciki yana narkar da wannan furotin kamar yadda yake narkar da nama ko wake, to ta wace hanya zai kai ƙwaƙwalwa? Duk da haka, a lissafin FTC, cinikin ƙwayar ya kai dala miliyan 165 daga 2007 zuwa tsakiyar 2015.

Masu kare kamfanin suna cewa ba wanda aka tilasta wa saye, kuma ba a ce ƙwayar guba ce ba. Haka ne. Amma wanda ya faɗi haka bai zauna da tsohon da ya fara mantuwa ba. Ni na zauna. Gwaggona, ƙanwar kakata, ta tambaye ni sau huɗu tsakanin la'asar da magariba ko na ci abinci, sai a na huɗun ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, na riga na tambaye ka ko?" Tsoron da na gani a idonta ranar shi ne hajar da ake ciniki da ita. Mai irin wannan tsoro ba ya bincike, iyalansa ma haka. In aka nuna musu kwalba aka ce likitoci sun gwada, za su zaro kuɗin.

Tushen matsalar a Amurka wata doka ce ta 1994, wadda ta ware ƙwayoyin ƙarin lafiya daga jerin magunguna. Mai haɗa magani dole ya gamsar da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, cewa maganinsa yana aiki kafin ya kai shi kasuwa. Mai ƙwayar ƙarin lafiya kuwa ba ya buƙatar wannan izini, muddin bai ce yana warkar da wata cuta ba. Don haka ba zai ambaci Alzheimer, cutar mantuwar tsufa, ba, sai ya ce "tana taimaka wa ƙwaƙwalwa". Tsohon da ke kallon talabijin shi zai cike gurbin da kansa.

Ko ƙararrakin da masu saye suke haɗuwa su shigar ba su cika warkar da ciwon ba. A sulhun da aka yi kan Prevagen a 2020, mai rasiti zai iya karɓar abin da bai wuce dala 70 ba, marar rasiti dala 12. Mutumin da ya shekara uku yana saye duk wata, me wannan zai yi masa? A 2021 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙwace wa FTC ikon amfani da sashen dokar da ta saba bi wajen ƙwato wa jama'a kuɗinsu. Kamfanin Lumosity, mai wasannin kaifafa ƙwaƙwalwa, ya biya dala miliyan 2 a 2016 kan irin wannan talla.

Ra'ayina shi ne a juya tsarin: duk wanda zai rubuta kalmar mantuwa ko ƙwaƙwalwa a jikin kwalba, ya kawo hujjarsa kafin ya sayar da ko guda ɗaya. Ba wai ba a iya gwajin gaskiya ba ne. An yi wa ganyen ginkgo, wanda shi ma ake sha don ƙwaƙwalwa, irin wannan gwaji a Amurka da tsofaffi sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2008, kuma bai rage yawan masu kamuwa da ciwon mantuwa ba.

Mu ma a nan maganar ta shafe mu. A tasha da bakin kasuwa lasifika tana kiran maganin kaifin basira da na hadda, yanzu kuma tallar ta koma Facebook da TikTok. Mutane suna ganin lambar NAFDAC su ɗauka hukuma ta tabbatar da aikin maganin, alhali a jikin kayan gargajiya da yawa akwai ɗan rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta lokaci. Mantuwa takan zo daga hawan jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙwayar maƙogwaro (thyroid) ko ciwon damuwa, kuma wasu daga ciki ana iya shawo kansu in an je asibiti da wuri. Mu mun yi wata biyar muna ba Gwaggo wani garin magani a kunu kafin muka kai ta a auna jininta.