Amanar da ke cikin rumbun bayanai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rubuta manhaja da masu kula da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhaja da bayananta.

Akwai lokacin da rumbun bayanai kan ƙi karɓar haɗi daga nesa. Oga na kira, mai aiki na jira, dare ya raba. A nan zuciya ke raɗa wa mutum: buɗe komai kawai, in ya tashi gobe ka gyara. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah a daidai wannan gaɓar.

Ka natsu ka karanta abin da allon ya rubuta. In ya ce "Connection refused", ka isa na'urar amma ba mai saurare a ƙofar: ko rumbun a kashe yake, ko kansa kaɗai yake saurare a 127.0.0.1, adireshin da na'ura ke kiran kanta da shi. In rumbunka PostgreSQL ne sai ka duba saitin listen_addresses, in MySQL ne kuma bind-address. In haɗin ya yi ta jira har lokaci ya ƙare, galibi katangar tsaro ce ta tare ƙofar 5432 ta PostgreSQL ko 3306 ta MySQL, ko kuma adireshin ne ba daidai ba. In kuwa ya ce "Access denied", hanya lafiya take, izini ne ba ka da shi. Kowace matsala da maganinta, babu wadda ta tilasta a buɗe wa duniya.

Abin da ke damuna shi ne wanda zai rubuta 0.0.0.0/0 tare da trust a cikin pg_hba.conf, fayil ɗin izinin shiga PostgreSQL, wato kowa daga ko'ina ya shigo ba kalmar sirri. Ko ya ba root, asusun da ke da cikakken iko, izinin shiga daga kowane adireshi. Me ke cikin rumbun nan? Lambobin wayar matan mutane, BVN da NIN, sakamakon gwajin asibiti da mai shi bai faɗa wa ko mahaifiyarsa ba. Ba su san ka ba, amma sun amince maka. Allah Maɗaukaki ya umurce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amanoni ga masu su.

A Janairun 2017 ɓarayin intanet sun share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, suka nemi fansa da Bitcoin. Ba wata ƙwarewa suka nuna ba, ƙofa suka tarar a wangale. Kada mu ce ai Allah zai tsare. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Don haka ka ba adireshin manhajar kaɗai izini, ka yi mata asusu na daban mai taƙaitaccen iko, da kalmar sirri mai ƙarfi. In daga gida kake aiki, bi ta hanyar haɗi mai tsaro irin su SSH ko VPN. In kuma ka taɓa buɗe wata ƙofa don gwaji a wata saba, je ka duba ta yau, ko da ka riga ka bar wurin aikin, ka kira wanda ya gaje ka ka sanar da shi.