Ku fito mana da awon gaskiya, mun gaji da da'irar da aka zana a ɗaki

Tumatirina na noman rani a wajen Kura ya yi kwana huɗu yana jiran ruwa, ni kuma ina cikin birnin Kano ina duba waya, ina jiran na'urar auna damshin ƙasa ta sanar da ni cewa lokacin ban ruwa ya yi. Shiru. Da na je gonar na tarar ganye ya yi laushi, fure yana zuba, yaron da ke kula mini da wurin kuwa ya ce ai ni na hana shi sakin ruwa sai na kira. Gaskiyarsa ce, ni na faɗa. Na buɗe na'urar, lafiyarta ƙalau, batir cike, tana ta aika saƙo kamar yadda aka saita ta. Tashar da ke karɓar saƙon ta miƙo shi wayata ce ba ta jin ta, kuma ba ta taɓa jin ta da kyau daga kwarin da gonata take ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar da na shiga ƙungiyar da ta kafa tashar, taswira aka nuna mini. An ɗiga alama a kan tankin ruwan da eriya take, an zagaye ta da koren da'ira mai nisan kilomita 15, aka ce duk wanda gonarsa ke ciki ya samu. Gonata tana ciki. Na biya kuɗin shiga, na sayi na'ura da guminmu.

Jama'a, iskar rediyo ba ta tafiya a da'ira. Wannan fasaha da ake kira LoRaWAN ƙananan na'urori ne masu aika ɗan taƙaitaccen saƙo da ƙarfi kaɗan, a kan zango na megahaz 868 a irin kayan da muke saya, zuwa tashar da ke miƙa shi ga intanet. Tana iya nisa ƙwarai idan babu abin da ya tare tsakani. A 2020 an kama saƙonta daga nisan kilomita 832, amma daga balan-balan da ya tashi kusan kilomita 38 a sama. Na'urata kuwa a kan sanda take, ƙasa da tsayin mutum, bayan tudu, da layin mangwaro da darbejiya da rufin kwano na ƙauye biyu tsakaninta da eriya. Idan masara ta yi tsayi ko ganye ya jiƙe, abin sai ya ƙara lalacewa. Duk wanda ya taɓa ɗaura eriya ya san wannan. Masu zana da'irar sun fi ni sani.

Kuma ba a rasa yadda ake aunawa ba. Waɗanda suka fara The Things Network (TTN), wato hanyar sadarwar LoRaWAN ta haɗin gwiwar jama'a, a Amsterdam cikin 2015 da tashoshi kamar goma suka soma, kowa ya ɗora tasa a rufin gidansa, kowa ya amfana. Daga baya wani ɗan Afirka ta Kudu, JP Meijers, ya samar da TTN Mapper. Aikin ba wuya: ka riƙe na'ura da wayar da ke nuna inda kake, ka yi tafiya, duk inda tasha ta kama saƙonka a ɗiga alama a taswira da ƙarfin siginar. Ja inda take da ƙarfi, shuɗi inda ta kusa yankewa. Kowa na iya buɗewa ya gani kafin ya kashe sisinsa.

To mu ma an yi wannan awon! Da idona na ga matasa biyu a kan babur suna zagaya gonaki da na'ura a jaka, har kuɗin mai na bayar. Ina sakamakon? Yana kwance a kwamfutar mutum ɗaya. Sau uku ina tambaya. Da farko aka ce ba a gama tsarawa ba. Na biyu aka ce idan aka nuna inda tashar take, ɓarayi za su zo su kwance sola da batir. Na uku wani ya ja ni gefe ya ce, Malam, in mutane suka ga wuraren da babu sabis ba za su shiga ba.

Maganar ɓarayi na yarda da ita, domin ana satar sola a ƙauyuka, kuma ba wanda zai so a nuna ƙofar gidansa ga duniya. Amma ni ban nemi lambar gidan kowa ba. A nuna mini hanyoyi da gonakin da saƙo ya isa, a rufe unguwar da tashar take in ana so. Magana ta uku ita ce ta hana ni barci. Wato an san akwai wuraren da babu sabis, an san kwarinmu yana cikinsu, aka bar ni na zuba kuɗi. Haba! Abin da aka kafa da sunan taimakon juna, a ce ana ɓoye wa ɗan uwa ramin da zai faɗa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ko da za a fitar da taswirar ma, ina roƙo a fitar da ita cikakkiya. Saƙon da ya isa ne kawai ke barin alama, wanda ya ɓace a hanya ba ya barin komai, sai wurin ya zama fari kamar ba a taɓa zuwa ba. Alhali kowane saƙo yana ɗauke da lambar jeri. In ka ga 41 sannan 47, ka san biyar sun salwanta. A rubuta wannan. A rubuta ranar da aka auna, da damina ne ko da rani, da tsayin da aka riƙe na'urar, domin awon da aka yi daga saman mota ba zai amfani mai na'ura a cikin kwami ba. A kuma nuna yaushe tashar ta yi magana ta ƙarshe, saboda in aka ɗauke wuta batir ya mutu, da'irar tana nan kore shar a takarda, tashar kuwa tana barci.

Wani ya ba ni shawara in saita na'urar a matakin da ya fi nisa, SF12. Na gwada. Kowane saƙo sai ya ɗauki sama da daƙiƙa ɗaya a iska, batir ya riƙa zuba, ga ƙa'idar The Things Network ta daƙiƙa 30 kacal na aika saƙo a rana ga kowace na'ura. Saƙo ashirin da 'yan kai ka cinye rabonka, kuma duk da haka rabi ba sa isa.

Nawa tumatir ne, asarar kuɗi ce, Allah zai mayar. Amma a cikin ƙungiyar nan har ana maganar sa na'urorin auna tashin ruwa a bakin kogi. Duk mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Wa zai ɗauki alhakin mutanen da za su kwanta da tunanin akwai na'urar da za ta tashe su, alhali tana wurin da tasha ba ta ji?

Ranar Asabar zan ɗauki na'urata da wayata in bi hanyar gonata da ƙafa, daga bakin kwalta har cikin kwari, in auna, in sa a fili inda kowa zai gani. Ku da kuke riƙe da awon sauran gonakin, ku fito da shi kafin mutane su sayi na'urorin ranin bana.